Briqueterie: Zangon Hausawa a Birnin Yawunde

A birnin Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru, akwai wata unguwa da ake kira Briqueterie. Mutanen gari sukan gajarta sunan su ce "Brik". Tana kan gangaren tudu a arewa maso yammacin tsakiyar birni, tsakanin Tsinga da Messa, ba nisa da babbar kasuwar Mokolo. Duk wanda ya sauka Yawunde ya tambayi inda Hausawa suke, can za a nuna masa. Amma sunan ba na Hausa ba ne, ba kuwa na Ewondo masu ƙasar ba. Kalma ce ta Faransanci, ma'anarta wurin da ake gasa tubali. Waɗanda suka kafa wurin gashin tubalin kuma Jamusawa ne. Wato unguwar da aka sani da Hausawa tana amsa sunan da Faransawa suka ba aikin da Jamusawa suka yi a ƙasar Ewondo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin zaman da aka yi a wurin: zama ne na mutanen da suka gina wuri da guminsu, amma a takarda kusan kome nasa yana hannun waɗansu.

Kafin zuwan Turawa babu birni a nan. Tuddai ne da kurmi da ƙananan ƙauyuka na Ewondo da danginsu, kowane gida da shugabansa, ba su da sarki guda mai mulkin kowa. Jamus ta sa hannu a bakin tekun Kamaru a 1884. A 1889 hafsoshinta biyu, Kund da Tappenbeck, suka kafa tasha a kan wani tudu cikin ƙasar Ewondo, sunan kabilar kuwa shi ne ya juye a bakin baƙi ya zama Yawunde. Su Ewondo har wa yau Ongola suke ce wa birnin, wato shinge, saboda katangar da ta kewaye tashar. Da fari wurin na binciken itatuwa da dabbobi ne a hannun wani mai suna Zenker. A 1895 sai soja Hans Dominik ya karɓe shi, ya mai da shi sansanin yaƙi. Sansani yana bukatar gini mai ƙarfi, daga teku kuwa tafiyar makonni ce a ƙafa, kowane kaya a kan ɗan dako. Ba shi yiwuwa a ɗauko kayan gini daga can. Saboda haka aka nemi yumɓu a kwarin da ke kusa, aka gina matoya, aka shiga gasa jan tubali. Daga nan sunan ya samo asali.

Labarin Hausawan kuwa daga arewa ya faro, shekaru da yawa kafin haka. A 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya koma ƙasar da Fulani suke kira Fombina, wato kudu. Ya zauna a Yola a 1841. Ardo-ardon da suke ƙarƙashinsa suka hau tudun da yanzu ake kira Adamawa, suka kafa Ngaundere da Tibati da Banyo. Inda Bafulatani ya kafa sarauta, Bahaushe da Babarbare sukan biyo da kaya. Fatake daga Kano da Katsina da Zazzau da Borno suka riƙa ketare Binuwai da jakuna da 'yan alaro, suna kawo riguna da baƙin turkuɗi da kanwa da duwatsun wuya da takubba. Abin da suke komawa da shi hauren giwa ne da goron tuddan Bamenda, da kuma bayi. Wannan na ƙarshe ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙasar Adamawa tana cikin manyan wuraren da daular Sakkwato take samun bayi, fatake kuwa su ne masu saye a kasuwa. Kabilun da aka kwashi kakanninsu ba su manta ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa kalmar "Hausa" take da nauyi iri biyu a kunnen mutanen Kamaru ta tsakiya.

Giwa tana ƙarewa a wuri, mafarauta suna ƙara nausawa kudu, fatake suna binsu. Haka aka yi ta yi har aka kai ƙasar Wute, arewa da kogin Sanaga. A nan tafiya ta tsaya. Sarakunan Wute, musamman na Ngila, suna biyan gandu ga Lamidon Tibati, su ne kuma suke kai hari hayin kogi. Ba su da dalilin barin baƙo ya wuce su ya je ya sayi haure da kansa. Sa'ad da Bajamushe Curt Morgen ya tashi daga Yawunde ya kai Ngila wajen 1890, ya tarar da Hausawa zaune a garin suna ciniki. Tsakaninsu da tashar Jamusawa 'yan kwanaki ne kawai, amma hanya a rufe take.

Bindiga ce ta buɗe ta. A farkon 1899 rundunar Jamus a ƙarƙashin von Kamptz ta ci Ngila, ta wuce ta ci Tibati. Ngaundere da Garwa suka faɗi a 1901, Marwa a 1902, shekara guda ke nan kafin Turawan Ingila su shiga Kano. Jamusawa suna son haure da roba su gangara zuwa tekunsu maimakon su bi Binuwai zuwa hannun kamfanin Ingilishi, suna kuma bukatar nama domin sojoji da ma'aikata, gama kurmi ƙasar ƙudan tsando ce, shanu ba su rayuwa a ciki. Bahaushe ya san inda shanu suke, ya san hanya, ya san ciniki. Don haka aka yi masa maraba. A cikin sojojin da Jamusawa suka ɗauka haya daga Afirka ta Yamma ma akwai Hausawa. Fatake da mahauta da tsofaffin sojoji, da malaman da suke bin ayari suna rubutu da addu'a, su ne suka kafa zangon farko. Ba a Briqueterie yake ba. Yana kusa da tashar ne, a wajen da yau ya zama tsakiyar birni.

A daidai wannan lokaci wani baƙon ya iso ta kudu. A 1901 limaman Katolika na ƙungiyar Pallotti suka kafa mishan a tudun Mvolye. Charles Atangana, wanda ya yi karatu a wurinsu a Kribi, ya zama tafintan Jamusawa, daga baya aka naɗa shi babban sarkin Ewondo da Bane. Cikin tsara guda yawancin Ewondo suka shiga ikilisiya, makarantar mishan kuwa ta zama ƙofar aikin gwamnati. Wannan ya sa tarihin zangon Yawunde ya bambanta da na waɗansu wurare. A Fumban, ƙasar Bamun, fadar Sarki Njoya ta karɓi Musulunci, malaman Hausa suka sami shiga. A Yawunde ba haka ba. Masu ƙasa suka kama tasu hanya, baƙi suka riƙe tasu. Ana haɗuwa a kasuwa, ana yin aure jefi-jefi, amma zango ya zama tsibiri. Shi Njoya ɗin ma a Yawunde ya ƙare kwanakinsa, gama Faransawa sun kawo shi nan gudun hijira a 1931, ya rasu a 1933.

Ran 1 ga Janairu 1916 sojojin Ingila suka shiga Yawunde, Jamusawa suka janye zuwa yankin Ispaniya a kudu. Yawancin ƙasar ya faɗa hannun Faransa, a farkon shekarun 1920 kuma aka mai da Yawunde mazaunin gwamna. Jirgin ƙasa daga Duwala ya iso a 1927. Da gari ya fara zama babban birni sai filin da ke tsakiya ya yi daraja. Faransawa, kamar sauran masu mulkin mallaka na zamanin, suna da ra'ayin raba mazaunin Turawa da na baƙar fata, suna fakewa da maganar sauro da tsabta. Aka tura 'yan Afirka bayan rafuffuka, kowace kabila da yankinta. A shekarun 1930 aka tsugunar da Hausawa a gangaren da ke kusa da tsohuwar matoyar tubali, a yankin da ake kira Ekoudou. Ba su suka zaɓi wurin ba. An ba su ne domin a lokacin bayan gari ne, ba mai so.

Abin da ya sa wurin ya rayu shi ne tsarin da suka zo da shi, wanda ba a ganinsa da ido. Mai karatu da ya san Sabo a Ibadan ko Zongo a Kumasi zai gane shi nan da nan. Baƙo ba ya sauka a zango haka kawai, sai a hannun maigida. Maigida yana ba shi ɗaki da abinci, yana ajiye masa kuɗi, yana haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa. A cinikin shanu abin ya fi muhimmanci. Ana koro garke daga Ngaundere ko Banyo a ƙafa, tafiyar makonni, mai shanu ya iso garin da bai san kowa ba. Mahauci kuwa ba shi da kuɗin biya nan take, sai ya yanka ya sayar. Wa zai tsaya tsakani? Maigida ne. Shi ya san mahaucin da yake cika alkawari da wanda yake da bashi a wuya, in kuwa mahauci ya gudu, shi zai biya. Babu takarda, babu banki, babu kotun da za ta saurari ƙarar da ba rubutu. Abin da yake riƙe da dukiyar nan duka shi ne mutunci, mutunci kuwa ba ya aiki sai a inda kowa ya san kowa, ana salla a masallaci guda, ana zuwa suna da jana'iza tare. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana wannan game da Ibadan a littafinsa na 1969: Bahaushen zango yana riƙe da Hausancinsa da ƙarfi ne domin shi ne jarinsa. Maganar ta dace da Yawunde. A saman masu gidaje akwai sarkin Hausawa, wanda hukuma take bi ta kansa wajen haraji, da liman, da sarkin pawa. In aka dubi abin da kyau, ƙaramin gari ne na ƙasar Hausa aka dasa a cikin kurmi.

Sai dai ba kome ne ya yarda a dasa shi ba. Ginin soro bai zo ba. Ruwan da ake yi a Yawunde ya kusa ninka na Kano, damina kuma biyu ce a shekara, rufin ƙasa ba zai kai ko'ina ba. Sai aka koyi ginin masu ƙasa: a kafa sanduna, a ɗaura gwangwala, a yaɓa jar ƙasa, a rufa da tukurwa, daga baya da kwano. A unguwar da aka sa wa sunan tubali, gidajen farko ba na tubali ba ne. Gero da dawa ma ba su yi a nan, tuwo ya koma na masara da shinkafa, rogo da ayaba suka shiga tukunya. Wanda ya je Briqueterie neman tsohon gini irin na Zariya ko Katsina zai komo hannu wofi. Ginin da ya fi kowane tsaya wa mutane a rai shi ne babban masallaci, wanda aka gina a shekarun 1950, ya kuma daɗe yana zaman masallacin Juma'a na birnin kafin a buɗe babbar cibiyar Tsinga a 1997 da kuɗin Saudiyya.

Gadon unguwar a hannu yake da baki. Da yamma hayaƙin tukuba yakan rufe babban titi, mutane daga kowane sashe na birni su zo da motocinsu sayen nama. "Soya" suke ce masa, kalmar kuwa suya ce ta Hausa, kamar yadda kilishi ya shiga Faransancin Kamaru da sunansa. Ana cinsa da yaji da albasa da gasasshiyar ayaba ko sandar rogo, abin da mahaucin Kano ba zai taɓa tunani ba. Bayan masu nama sai teloli da masu surfani da masu shagunan shadda da atamfa. Ma'aikacin gwamnati Ba'ewondo wanda bai taɓa ketare Sanaga ba, in yana son babbar riga ta biki, nan zai zo. Waɗannan sana'o'i daga uba suke zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaron shago, ba makarantar da take koyar da su.

Kalmar "Hausa" kanta ta sami wata ma'ana a kudancin Kamaru. A bakin mutumin Yawunde, duk Musulmi mai doguwar riga Bahaushe ne, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Bakotoko, ko mutumin Cadi, Nijar, Mali ko Senegal. Ainihin Hausawa a Kamaru ba su da yawa, harshen kasuwa a arewacin ƙasar ma Fulatanci ne. Amma da yake Hausawa ne suka fara isa kudu, sunansu ya rufe duk wanda ya biyo baya. Haka yake a New Bell ta Duwala, da Kumba, da tsohon garin Bamenda da ake kira Abakwa. Abin yakan ba Kirista mai jin Hausa daga Jos ko Numan mamaki in ya je can, gama a gida Hausa ita ce harshen waƙoƙin sujada da Littafi Mai Tsarki tun fassarar 1932, a Yawunde kuwa da ya buɗe baki an riga an yanke masa addini. A cikin unguwar kanta yaro yakan tashi da Hausa a gida, Fulatanci wurin maƙwabta, Faransanci a makaranta, da ɗan Ewondo na kasuwa. Hausarsa cike take da kalmomin Faransanci, kamar yadda ta Kaduna take cike da na Ingilishi.

Da Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, shugabanta na farko, Ahmadu Ahijo, Musulmi ne daga Garwa. Ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga arewa suka cika birnin, da yawansu kuwa a Briqueterie suka fara ajiye jaka. Layin dogo ya kai Ngaundere a 1974, shanu suka fara zuwa a tarago. Zamani ne na sakewa. Ahijo ya sauka a Nuwamba 1982 ya miƙa wa Paul Biya, ba da jimawa ba suka ɓata. Ran 6 ga Afrilu 1984 waɗansu sojojin tsaron fadar shugaban ƙasa, yawancinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki, aka murƙushe su bayan kazamin faɗa a cikin birni. Aka kama mutane da yawa, aka harbe waɗansu a Mbalmayo. Mai tsire da tela ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, amma rigar da suke sawa ta zama abin tuhuma. Irin wannan ya sake faruwa a 2015, sa'ad da hare-haren Boko Haram suka kai Fotokol da Marwa, nisan fiye da kilomita dubu, 'yan sanda suka tsananta bincike a unguwannin Musulmi na Yawunde. Iyalin da kakansu ya zo tun zamanin Dominik sai ga shi ana tambayarsu takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

Babbar matsalar ita ce ƙasa. Ƙidayar 1976 ta sami mutum 313,706 a Yawunde, ta 1987 ta sami kusan 650,000, ta 2005 kuwa fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Birnin ya zagaye Briqueterie ya wuce ta nesa, bayan garin da aka tura mutane a dā ya zama fili mafi tsada. A ciki kuwa gida ya haihu ya sake haihuwa: magada suna raba tsakar gida, ana ƙara ɗakunan haya, lungu yana ƙara matsewa har motar kashe gobara ba ta iya shiga, waɗanda suka zo daga baya suka gangara cikin fadama inda ruwa yake ci kowace damina. Dokokin ƙasa na 1974 sun sa takardar mallaka ta gwamnati ita ce hujjar da shari'a take dubawa. Neman takardar yana bukatar awo da kuɗi da zirga-zirgar ofis da Faransanci, ga kuma magada goma a kan fili guda. Mutanen da suka saba cinikin garken shanu da kalmar baki ba su ga dalilin gaggawa ba. Da yawa ba su nema ba.

Ranar biyan wannan ta zo a zamanin Gilbert Tsimi Evouna, wanda ya shugabanci hukumar birnin daga 2005 zuwa 2020, ya kuma yi suna wajen rusau. Ƙasar Sin ta gina babban zauren wasanni a Warda, a gindin unguwar, mai kujeru fiye da dubu biyar, aka buɗe shi a Yuni 2009. Kafin buɗewar, motocin rusau suka share gidajen Briqueterie da suke kusa da shi, kamar yadda aka yi wa Ntaba da Etetak. Hukuma tana da hujjarta, ba kuwa hujjar banza ba ce: fadama ba wurin kwana ba ne, birni kuma yana bukatar hanya. Amma wanda ba shi da takarda ba shi da bakin neman diyya, ko da a ɗakin aka haifi ubansa. In aka rushe gida a zango kuma ba bango kaɗai ya faɗi ba. Tela ya rabu da masu kawo masa ɗinki, almajiri ya rabu da malaminsa, tsohuwa ta koma Nkolbisson ko wata unguwa mai nisa inda ba wanda ya san ko 'yar wane ce ita.

Tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin kare haƙƙin 'yan asalin wuri da na tsiraru. A siyasar birni kalmar farko ta fi ta biyu ƙarfi, ɗan asalin Yawunde kuwa Ba'ewondo ne. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai zangon Hausawa ya girmi layin dogo, ya girmi zaman Yawunde babban birni, ya girmi yawancin unguwannin da suke kallonsa a matsayin baƙo. Jikokin fataken nan ba su da wani gari a Kano ko Katsina da za su koma. Da yawansu sunan garin kakan kaɗai suka riƙe, kamar laƙabi.

Abin da aka rubuta game da farkon unguwar yana cikin rahotannin hafsoshin Jamus da na jami'an Faransa, a gidan ajiye takardun tarihi na Yawunde da na Turai. Su kuwa abin da ya dame su shi ne nauyin haure da yawan shanu da kuɗin haraji. Wane ayari ne ya fara sauka, wane maigida ya saukar da wane, daga wane gari limaman farko suka fito, yaya aka raba filaye ranar da aka tashi daga tsohon zango, waɗannan suna bakin dattawa da tsofaffin mata, da 'yan takardun ajami da suke cikin akwatunan gidajen malamai. Waɗanda aka haifa a shekarun da aka yi ƙaurar, in suna da rai, sun haura tamanin da biyar.